Kwali Mai Jan Zare

Abu na farko da Verna ta yi bayan an fitar da gawar yayanta Wendell daga gidanta shi ne ta ɗauki gwangwanin nan da yatsu biyu, ta zaga bayan gida, ta wurga shi cikin durom ɗin shara. Tsohon gwangwanin kofi ne, kuma tun shigowar sanyi shi ne abokin kwanan Wendell. A ciki yake tofar da abin da huhunsa ke turowa: kaki mai kauri, yau ruwan ƙasa, gobe da zirin jini. Ita ke wankewa safe da yamma, tana kau da kai tana danne amai. Tana son yayanta, ba ta da haufi a kan wannan, amma gwangwanin nan ta tsane shi irin tsanar da ba ta taɓa yi wa mai rai ba.

Ta dawo ta buɗe tagogi duk da ƙanƙarar da ke waje. Aikin banza. Warin taba ya riga ya shige katifa da labule da katakon ƙasa, bangon ɗakin ma ya yi rawaya kamar haƙorin tsoho. Har makon da ya mutu, Wendell kan zare robar injin numfashi daga hanci, ya ja kara ɗaya, ya mayar.

Mijinta Lyle na zaune a teburin kicin yana taunar tsinken sakace. Shi ne abin da ya hana ta kuka sosai, don tsoro ya riga ya cinye wurin kukan. Kafin sanyi ya shigo, likitan babban asibiti, can inda sai an ɓata rabin yini a mota, ya nuna musu wata inuwa a hoton huhun Lyle, ya ce har yanzu ƙarama ce, amma in bai bar taba ba kada ya wahalar da kansa dawowa. Lyle ya bari. Ya sha wuya, ya yi faɗa da kare, ya tauna tsinke har dasashinsa ya yi jini, amma ya bari.

Sai dai ba wannan ne karon farko ba. Lyle gwanin dainawa ne. Abin da ke mayar da shi kullum ɗaya ne, wato jana'iza. A garinsu na ƙabilar Ojibwe, 'yan asalin ƙasar, da ke bakin tafki, in za a sallami mamaci sai an zagaya da kwando cike da karan sigari, kowa ya ɗauka ya kunna, hayaƙin ya ɗauki addu'a ya raka mai tafiya. Wanda ya ƙi ɗauka ya ƙi rakiya ke nan, kuma ba mai son a ce da shi haka. Ga garin ba ya fatarar mutuwa: in ba ciwon suga ba zuciya, in ba zuciya ba huhu. Ka ji wata hidima, a cika ɗaki da hayaƙin da ya kashe mutum a ce girmama shi ake yi.

Verna ta zari mukullin mota.

"Ina zuwa kuma?" in ji Lyle.

"Wurin Baba Alphonse. Shi zai yi wa Yaya sallama. Zan kuma ce masa kada a zagaya da kwando."

Lyle ya cire tsinke daga baki ya dube ta. "Ke dai Verna, rigima ba ta wucewa ta ƙofar gidanki ki ƙyale ta. Abin da aka gada kaka da kakanni?"

"Gemun ɗan'uwanka ya ƙone ƙurmus, kai ko ruwa ba ka nema."

"Ai na daina."

"Ka daina shekarar da Inna ta rasu ma. Ka daina kafin rasuwar Kawu. Na gaji da ganin ka daina."

Ya mayar da tsinkensa baki.

Tana cikin mota ta tuna abin da ya sa ta buga sitiyari da tafin hannu. Ba a zuwa roƙon dattijo hannu rabbana. Ko tambaya ɗaya za ka yi masa sai ka ajiye taba a gabansa, ya saurare ka, in ya ɗauka ya amsa ke nan. Wato don ta roƙa a hana taba, sai ta sayi taba. Ta yi tsaki ta karya kan motar zuwa gidan mai.

Kantin gidan mai shi ne kantin garin gaba ɗaya. A kwandon kayan marmari lemo ne 'yan ƙwaya, sun yamutse kamar gwiwar hannu, amma bangon bayan kanta tun daga ƙasa har rufi kwalayen sigari ne jere reras, kuma nan ta fi araha a duk yankin. Mutane har daga birni suke zuwa saye. Mai jiran kantin Darlene ce, 'yar kawunsu, wadda muryarta ta dishe tun tana budurwa.

"Sannu Yaya Verna, ya haƙuri? Wendell an huta." Ta share ido da bayan hannu. "Mai kanti ya ce a ware muku katan-katan na makoki, kamar yadda aka saba. Suna nan a baya."

"Ki ce an gode, ya riƙe abinsa. Ba ni kwali ɗaya."

"Ɗaya? Gari guda zai sha kwali ɗaya?"

"Ba wanda zai sha."

Darlene ta ajiye kwalin a kanta tana murmushin gefen baki. "Ni dai tun da nake tsaye a nan ban taɓa sayar da wanda ba a sha ba."

Verna ta ɗauke shi kamar mataccen ɓera. A mota ta tsinko jan zaren saƙa daga jakarta ta naɗe kwalin, ta ƙulla, don ya yi kama da kyautar roƙo ba shara ba. Duk da haka sai da ta goge yatsunta a wando.

Baba Alphonse na zaune gaban murhu da bargo a gwiwa. Ya haura tamanin, shi ne saura a cikin masu iya yi wa mamaci magana da tsohon harshe har su ɗora shi a hanya. Verna ta ajiye kwalin a tebur tsakaninsu, ta faɗi abin da ya kawo ta, ba ta ɓoye zancen inuwar huhun Lyle ba. Tsohon bai taɓa kwalin ba sai da ta kai aya.

"Kin san ina kwandon nan ya samo asali?" in ji shi.

"Ban sani ba, Baba. Na san dai inda yake kai mutane."

Ya yi 'yar dariya. "Kakata ba ta taɓa roƙon Mahalicci da tabar kanti ba. Jar tsumagiyar nan da ke tsirowa a bakin fadama, ɓawonta na ciki, shi ne tabarmu. Sai hukuma ta hana mu addu'o'inmu. A gan ka da lofe da ganga, a ɗaure ka. To, mutane suka lura ba ɗan sandan da ke kama mutum don ya kunna sigari. Muka ɓuya a bayanta. Da aka daina korar mu kuma, muka manta ba mu fito ba."

"To mu fito, Baba."

"Ana yankan ta ne kafin cidar farko ta shekara. Kin ci sa'a tafki bai narke ba. Amma 'yata, ba a fafe gora ranar tafiya. Kwana huɗu ne kawai, ga zaure zai cika."

"Zan fafe."

Ya miƙa hannu ya ɗauki kwalin, ya zura a aljihun riga. "Kwando naki ne. Wutar rakiya kuma bar mini, ni zan nemo mai tsaronta."

Ta fito tana jin kamar an sauke mata dutse daga ƙirji.

Ran nan da yamma ta shiga fadamar bayan juji, ƙanƙara har gwiwa, wuƙa a hannu. Tsumagun na tsaye jajur a cikin farin. An saba kafin ka yanki wani abu mai rai ka ajiye masa taba, ita kuwa ba ta da ko ƙwaya. Ta tsaya ta ce musu, "Ku yi haƙuri, abin da zan ba ku shi nake gudu." Ta yanka har hannuwanta suka daina jin wuƙar.

Da ta dawo gida Lyle ba ya nan. Ya bar saƙo wurin maƙwabciya cewa Baba Alphonse ya biyo ya ɗora masa tsaron wuta, tun da shi suruki ne, kuma abokin Wendell tun suna yara. Wutar rakiya a bayan zauren taro ake hura ta, ba ta mutuwa kuma ba a barin ta ita kaɗai har sai an rufe mamaci. Verna ta ji daɗi. Mai tsaron wuta ba ya shiga zaure, ko da wani ya yi taurin kai ya shigo da sigari ba za ta kai gare shi ba.

Aikin ɓawo ba na mai gaggawa ba ne. Sai ka kankare jar fatar waje a hankali, sannan ka fere koren da ke ƙasa sirara-sirara, ka shanya a faranti, ka sa a tanda da wuta kaɗan. Dami guda in ya bushe ba ya cika kofi. Ta koma fadama, ta sake komawa. Babban yatsanta ya tsage, ta naɗe da filasta ta ci gaba. A rana ta biyu ta lura gidan ya soma wani ƙamshi mai sanyi, irin na ɗanyen itace da aka fasa, har ya fara danne warin ɗakin Wendell.

Lyle kan leƙo sau ɗaya a yini ya sake safa, ya koma. Yakan tsaya daga bakin ƙofa, yana ƙaurin hayaƙin itace tun daga hula har takalmi. Verna, wadda ke iya jin warin taba a jikin mutum tun yana tsallaken titi, ba ta ji komai ba sai itace. Ta ma lura babu tsinke a bakinsa, ta ce a ranta ashe har ya wuce wannan matakin.

Ana gobe jana'iza ta je kicin ɗin zaure, inda mata ke dafa shinkafar tafki da naman barewa, wasu na murza ƙullin soyayyen burodi. Labari ya riga ta isa. Darlene ce ta tare ta, hannu duk gari.

"Yaya Verna, da gaske ne abin da muke ji? Mutum ya shekara arba'in yana shan abinsa, ki sallame shi da ɓawon itace kamar zomo?"

"Da gaske ne."

"Ai sai ya juyo daga hanya ya zo neman ashana."

Wasu suka yi dariya ƙasa-ƙasa. Wata ta ce mutane za su ce rowa ce, an ƙi karɓar kyautar mai kanti don girman kai. Verna ta ajiye jakarta a kan benci.

"Darlene, sau nawa kika zo duba shi?"

"Kin san aiki..."

"Ban ce kin yi laifi ba. Tambaya nake, ko kin taɓa ganin gwangwanin. Wani gwangwani ne a gindin gadonsa. Da safe in na ɗaga, abin ciki ba ya zuba, sai na sa tsinke na ja shi, yana biyowa kamar yauƙin kuɓewa. Akwai ranar da na ga wani abu a ciki kamar tsokar hanta. Na ce Yaya, mene ne wannan? Ya ce huhuna ne, ajiye mini ko zan buƙace shi. Yana dariya yana shaƙewa. In akwai wadda ta wanke gwangwanin nan ko sau ɗaya a cikinku, ta zo ta cika kwando da abin da ta ga dama."

Matar da ke murza ƙulli ta janye hannunta daga kwano. Darlene ta buɗe baki, sai tari ya riga maganar fitowa, ta juya ta yi shi a cikin gwiwar hannu, doguwar sarƙa mai jiƙaƙƙen ƙarshe. Verna ta san irin tarin nan kamar yadda ta san muryar 'ya'yanta.

Ranar jana'iza da hantsi zaure ya cika maƙil, har samari na jingine a bango ƙarƙashin ragar ƙwallo. Baba Alphonse ya tsaya a kan akwatin ya yi wa Wendell magana da tsohon harshe, yana gaya masa hanya, yana ce masa kada ya waiwayo, waɗanda ya bari za su kula da kansu. Sannan ya ɗaga hannu aka fito da kwando.

Na farkon da aka miƙa wa ya riga ya ciro ashana daga aljihu. Ya leƙa kwandon, ya dubi na kusa da shi kamar wanda aka yi wa wayo. Gunaguni ya bi layi. Tsohon ya ce kowa ya ɗebi kaɗan da hannun hagu, ya riƙe, ya faɗa masa abin da ke ransa, sannan ya zuba a akushin da ke biyowa, a kai wa wuta. Aka soma ɗiba, wasu da fuska a murtuke. Da kwandon ya iso kan wata tsohuwa mai keken guragu, ta kai ɓawon hanci ta shaƙa, ta daɗe ba ta sauke ba. Ta ce da ƙarfi, irin na waɗanda kunnensu ya yi nauyi, "Ƙamshin rigar babana ke nan." Daga nan gunagunin ya mutu.

Verna ta ɗaga kai. Tun tana yarinya ba ta taɓa zama a jana'iza ta hango bangon ɗaya gefen zauren ba, kullum shuɗin hayaƙi ne ke tokare da rufi, jarirai na tari, idanu na ruwa ba don kuka kaɗai ba. Yau tana ganin kowace fuska tar. Har Darlene ta ɗiba, ta riƙe a ƙirji, leɓunanta na motsi. Daɗi ya kama Verna, irin wanda ba ta zaci za ta ji a ranar rufe yayanta ba. Da akushi ya gama zagayawa ta ce ita za ta kai wa wuta, tana so Lyle ma ya ɗebi nasa.

Ta zaga bayan zaure. Wutar na ci a cikin da'irar duwatsu, ƙanƙarar kewaye ta narke ta zama taɓo. Lyle na zaune a kan kututture ya ba ta baya. Hayaƙi biyu ta gani. Ɗaya mai kauri yana tashi daga wuta, ɗaya siriri, shuɗi, yana fitowa ta gefen hularsa.

Ya ji takunta ya juyo. Bai ko yi ƙoƙarin ɓoyewa ba, ya gaji da yawa. A kan gwiwarsa ga kwali a buɗe, ya lotse, saura kara biyu ko uku a ciki. An zame jan zaren zuwa ƙasa amma ba a kwance shi ba. Ƙullinta ne, irin wanda take yi in ta gama saƙa safa.

"A ina ka samu?" Ta san amsar, bakinta ne kawai ya tambaya.

"Baba Alphonse. Ranar da ya zo roƙo na in tsare wuta." Ya dubi karan da ke hannunsa. "Ya ajiye a gabana, Verna. In ƙi ɗauka? In ce ba zan raka Wendell ba?"

"Wuta ce a gabanka, Lyle. Wuta kamar ɗaki. Ɗauka aka ce ka yi, ba a ce ka sha ba."

"Na ba wuta rabonta. Na zuba mata biyu a ranar farko. Sai na zauna, ni kaɗai, ga sanyi, ga abin a aljihu yana taɓa ƙirjina." Ya share hanci. "A bayan zauren nan muka fara sha ni da shi, muna 'yan shekara sha uku. Na ce ɗaya dai, na ban kwana."

Ba wanda bai sani ba a garin nan cewa tabar roƙo ba ta kwana a hannu ɗaya. Dattijon da aka roƙa yau, shi ma yana da wanda zai roƙa kafin rana ta faɗi, kuma abin da ke aljihunsa shi zai miƙa. Verna ta san haka tun tana goye. Ta tsaya da akushi a hannu, yatsa a naɗe da filasta. Ta nemi wanda za ta ɗora wa laifi, tsohon, ko mijin, ko mai kanti da bangonsa, amma duk inda ta juya sai ta ga hannunta yana ƙulla jan zare a cikin mota.

Ta juye akushin a wuta. Ɓawon ya kama da ƙaramar ƙara, ƙamshinsa ya tashi mai daɗi, addu'ar zaure guda. Lyle ya miƙa mata kwalin.

"Ungo, jefa. Gobe zan daina."

Ta karɓa ta jefa. Zaren ne ya fara ƙonewa. Lyle bai yar da na hannunsa ba, ya sauke shi gefen ƙafa inda yake zaton ba ta gani, ya yi tari sau biyu, ya tofar a taɓo. Ta dubi abin da ya tofar, ta kau da kai.

Aka rufe Wendell, aka ci shinkafa da nama, mutane suka yi ta riƙe hannunta suna cewa ta kyauta, wasu har suna tambaya a wace fadama ta yanko. Ta amsa wa kowa. Da suka dawo gida da la'asar Lyle ya ce zai ɗan leƙa gidan mai ya sa wa mota iska a taya. Ba ta dubi tayar ba.

Da ƙarar motar ta yi nisa, ta zaga bayan gida ta ɗaga murfin durom. Shara ta daskare, sai da ta sa hannu har kafaɗa ta tona kafin ta taɓo shi a ƙasa. Ta shigo da gwangwanin kicin, ta tara masa ruwan zafi da sabulu, ta wanke ciki da waje tana kau da kai. Ta ɗauraye, ta kife shi a kan kanta ya bushe, a inda hannu zai kai ba sai an taka kujera ba.